Aladen daji: shinge ko gadin dare?

'Yan Zangon Kumasi masu noman rogo da doya can wajen Ejura sun san aikin aladen daji. Dare ɗaya garke zai tone kunya, da safe sai ɓawo.

Shingen waya na cin kuɗi tashin farko, kuma in ba a binne gindinsa ba, da hanci alade zai ɗaga shi ya shige. Gadin dare kuwa, wuta da kare da bugun garwa, ya fi araha, amma wa zai jure sauro har asuba? Bindiga ma ba dama daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da Gana ke rufe farauta.

Ni da nake kwana a Aboabo cikin Kumasi, nesa da gona, shinge na zaɓa.