Wasiƙa daga Manchesta: kasuwa, bas, asibiti da yadda ake godiya

Auta, assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Umma? Tun da takardunki na aikin jinya sun kusa kammala, bari in ba ki labarin saye da sayarwa a nan, da yadda ake yi wa mai hidima godiya, don a nan baƙo ya fi yin tuntuɓe.

Kayan masarufi sun fi sauƙi a manyan kantunan Aldi da Lidl. Naman halal sai unguwar Cheetham Hill ko ta Rusholme, doya da manja kuwa suna shagunan 'yan Afirka, da tsadarsu. Farashi a manne yake, babu tayi, babu albarka, babu gyara. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar kare mai saye ta 2015: idan kaya ya fito da aibi, kina da kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki cif. A Kantin Kwari sanayyarki da mai shago ce ke tsaya miki, a nan kuwa rasit ne, kada ki yar da shi.

Godiyarsu gajera ce, amma ba ta yankewa. Mai karɓar kuɗi zai ce miki "thank you" idan kin miƙa kati, ke ma ki faɗa idan ya miƙo kaya. Tsakanin sa'anni "thanks" ya wadatar. Za ki ji "cheers" a bakin samari, a nan arewacin Ingila kuma har "ta" suke cewa, amma kada ki yi wa shugabar sashenku ko ɗaya. Idan alherin babba ne, ki ce "thank you so much, I really appreciate it", ki ambaci abin da aka yi miki, ki tsaya nan. Doguwar godiya irin tamu tana sa su jin nauyi. Idan aka gode miki, amsar ita ce "you're welcome" ko "no worries".

Abu biyu ki kiyaye. A gida idan aka yi miki tayin shayi kika ce na gode, an gane kin ƙoshi. A nan sai kin ce "no, thank you", idan kuma kina so, "yes, please". Sannan kada ki ga mai shara ko likita a bakin aiki ki ce "well done" da nufin sannu da aiki. A kunnensu yabo ne irin na malami ga ɗalibi.

Bas ɗinmu na Bee Network, masu launin ruwan ɗorawa, fam 2 ne tafiya ɗaya, kuma babu kwandasta, kati ake dangwalawa. Fasinja da yawa ba sa sauka sai sun ce wa direba "thanks". Wannan ɗabi'a ta shiga raina ƙwarai. Mutum ya biya kuɗinsa, amma bai ɗauka kuɗin sun sayi gajiyar direba ba. Ina ma mu riƙa yi wa mai adaidaita da mai turin ruwa haka.

Asibiti ne ya fi shafarki. Ganin likita a NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ba a biyan kuɗi a wurin, sai dai jira yana da tsawo, kuma a Ingila kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne, ban da yara da tsofaffi da masu ciki. Majinyaci ba ya gode wa nas da na goro. Ƙa'idar aiki ta ce ma'aikaci ya ƙi karɓar kuɗi ko da da zuciya ɗaya aka ba shi, don haka idan wata tsohuwa ta cusa miki takardar fam 20, ki mayar mata cikin ladabi, ki ce "that's very kind of you". Abin da suke kawowa kati ne da aka rubuta da hannu, da kwalin cakulan na kowa da kowa. Gidan abinci daban ne: ana barin tukuici wajen kashi 10 cikin ɗari, kuma tun Oktoban 2024 doka ta hana mai gidan taɓa kuɗin, na ma'aikata ne.

Abin da nake kewa shi ne addu'a. Ba mai ce miki Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, kuma ba wanda zai tare ki washegari da an gode da jiya. Na kan samu wannan ne wajen mahautan Pakistan da 'yan Somaliya, inda jazakallahu khairan ke yawo kamar a Sabon Gari.

Ki taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kuwa ki bar wa su Yaya, an hana shigo da nama daga Najeriya, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ki gaida Umma da kyau, ki ce tana raina.