The Thin Red Line: an yi mana tallan Clooney, muka tarar da ciyawa

Yaron shagon tura fina-finai ne ya haɗa ni da wannan fim. Na ce ya ba ni na yaƙi mai zafi irin Saving Private Ryan, sai ya shiga lissafo min George Clooney, John Travolta, Sean Penn, Woody Harrelson, ya ce ai duk shekararsu ɗaya, 1998. Bai yi ƙarya ba, duk suna ciki. Abin da bai faɗa ba shi ne Travolta zai ɗan tsaya a kan jirgin ruwa da gashin baki ya yi surutu ya ɓace, Clooney kuma sai fim ya zo ƙarewa zai leƙo ya yi wa sojoji jawabin da bai kai minti uku ba. Fim na minti 170 fa! Wannan ai cin amana ne, ko ba na yaron shago ba, na masu tallan fim ɗin.

A falo muka kalla bayan isha'i, ni da ƙannena da abokansu, sai kawuna, tsohon soja da ya yi ritaya yana saje. An buɗe da kada yana sulalewa cikin ruwa. Sai wani soja, Witt, da ya gudu daga bakin aiki yana ninƙaya da yaran tsibiri, ana waƙoƙin coci da yarensu, wata murya kuma tana ta tambayoyi a kan mutuwa da inda mugunta ta samo asali. Fiye da rabin awa ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wani cikin yaran ya tambaya, "Wai waye aktan ne?" Babu mai amsa, domin babu akta, babu bos. Biyu suka zame suka tafi kallon ƙwallo. Ni ma hannuna na kan rimot.

Sai aka zo tudun.

Labarin na yaƙin Guadalcanal ne a tsibiran Solomon, tsakanin Amurka da Japan a 1942 zuwa 1943, daga littafin James Jones wanda shi kansa ya yi yaƙin. An umarci wani kamfanin sojoji su kama tudu mai lamba 210. Ciyawa ce doguwa shar, iska na kaɗa ta, ba ka ganin Bajapane ko ɗaya. Aka tura mutum biyu gaba, ƙara biyu, suka faɗi, ciyawa ta rufe su. Daga nan aka fara zubar da mutane daga wani rami da ba a san inda yake ba. Saje Keck, wato Harrelson, garin sauri ya fizge ƙusar gurnetinsa yana maƙale a ɗamararsa, ya tashi da shi. Mutuwar banza, ba kiɗan jarumta. Falon ya yi tsit.

Inda fim ɗin ya kama ni shi ne wayar da aka yi tsakanin Laftanar Kanar Tall da Kyaftin Staros. Nick Nolte ne kanar ɗin, dattijo da aka daɗe ana tsallake shi wajen ƙarin girma, wannan yaƙin ne damarsa ta ƙarshe. Yana can baya yana ihu a waya har jijiyar wuyansa na tashi, a hau tudun gaba da gaba. Staros, wanda ke kwance cikin ciyawar yana kallon yaransa na mutuwa, ya ce ba zai bi umarnin ba, a bar shi ya zagaya ta gefe. A nan kawu ya ce a tsayar da fim.

Mun fi ƙarfin minti ashirin muna gardama. Kawu ya ce a soja babu wannan, ka bi umarni tukuna ka yi ƙorafi daga baya, in kowane kyaftin zai zaɓi umarnin da ya ga dama to an gama da runduna. Ƙanena ya ce, "Amma Kawu, shi kanar ɗin ai ba ya ganin abin da ke faruwa." Kawu ya yi shiru, can ya ce shi ya sa ofisan kirki ke zuwa ya gani da idonsa. Muka ci gaba, sai ga Tall ya taso ya zo gaban dagar. Kawu ya buga cinya, "Kun gani ko!" Amma murnarsa ba ta daɗe ba. An kama ramin da 'yan tsirarun da suka sa kai ƙarƙashin Kyaftin Gaff, yara ba ruwan sha, kanar na ta matsa musu. Bayan nasara ya kira Staros ya sauke shi, ya ce zuciyarsa ta cika taushi, ya yi masa alkawarin lambar yabo da aikin ofis a Washington don kada maganar ta fasu. Kawu ya ja tsaki ya ce wannan kam haka take, ya ga irinta. Bai ƙara bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya dai ce tsofaffin da suka yi yaƙin Bama, waɗanda su ma Japanawa suka fuskanta a daji, abin da suka fi ba da labari shi ne ƙishirwa da zazzaɓi, ba harbi ba.

Da a nan fim ya ƙare da na ce ban taɓa ganin irinsa ba. Hoton da mai kyamara John Toll ya ɗauka kaɗai ya isa, musamman yadda inuwar gajimare ke bin tudun, ga kiɗan Hans Zimmer lokacin da aka afka wa sansanin Japanawa cikin hazo, aka same su a rame, wasu na kuka wasu na addu'a.

Amma ina! Saura kusan awa guda, kuma darektan fim ɗin, Terrence Malick, ya koma halinsa. Muryoyin nan suka dawo, kuma wallahi ba ka gane wa ke magana. Yawanci muryar mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka ce, ga hular ƙarfe da datti sun mayar da fuskokin iri ɗaya. Ina karanta rubutun ƙasa ina neman bakin da ke motsi, babu. An ɓata lokaci ana nuna mana wani soja, Bell, yana tuna matarsa a kan lilo, labule na kaɗawa, ƙarshe ta aiko wasiƙa tana neman saki don ta samu wani hafsan sojan sama. Yaran suka fashe da dariya, aka lalata wurin. Adrien Brody ma, wanda ya je yana zaton shi ne jigon fim, an yanke shi har ya koma mai zare ido kawai. Malick ya yi shekara 20 bai fitar da fim ba, ya dawo ya tara wannan taron jarumai, ya fi ba aku da jemage lokaci.

An sa fim ɗin takarar Oscar bakwai bai ci ko ɗaya ba, a Berlin kuma ya ɗauki babbar kyauta a 1999, falonmu ma haka ya rabu. Mutum uku muka kai ƙarshe. Kawu ya ce in tura masa a waya, amma daga hawan tudu zuwa sallamar Staros kawai, sauran in riƙe kayana. Ni zan sake kallo ni kaɗai da abin kunne, ko na gane wa ke magana. Kada dai ka tara yara ka ce musu fim ɗin Clooney ne.