Ƙurji a ƙwaƙwalwa: a zuƙe ko a buɗe kai?

'Yan jinya sun sha tare ni a bakin ɗakin tiyata da tambaya ɗaya: tsohonmu ya raunana, wanne aiki zai iya ɗauka?

Zuƙewa ita ce mai sauƙi. Ƙaramin rami ake hudawa a ƙoƙon kai, a sa allura a janye mugunyar, wani lokaci ma ba sai an sa majinyaci barci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon da ciwon suga ya cinye, wanda sai an riƙe masa kafaɗa yake tashi zaune, domin doguwar allurar barci da doguwar kwanciya ke jawo wa irinsa ciwon huhu da gyambon baya. Matsalarta, mugunya kan sake taruwa, a koma hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, a sake hudawa. Kuɗin da aka ga kamar an tsira da shi nan yake tafiya.

Buɗe kai kuwa ana cire ƙurjin ne da jakarsa, shi ya sa bai cika dawowa ba. Amma aikin ya fi tsawo, jini ya fi zuba, ya fi tsada.

Ko wanne aka yi, akwai allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, galibi mako 6 zuwa 8.

Mai rauni, ko wanda ƙurjinsa ya yi zurfi ko ya fi ɗaya, zuƙewa ta fi dacewa da shi. Mai sauran ƙarfi da ƙurjinsa ke kusa da sama, ya rabu ɗaki-ɗaki, ko ɓarɓashin ƙashi ya maƙale ciki bayan hatsari, buɗewa ce tasa.