Gidan zoo ko dajin Yankari: ina ya kamata a kai yara?

Idan gida 2 ko 3 suka yi karo-karo za su fitar da yara kallon namun daji, gardamar farko ita ce ina za a dosa. A nawa ganin, ƙaramin yaron da ke cikin tawagar shi ya kamata ya yanke hukunci, ba maigidan da ke marmarin ganin giwa ba.

Ga mazaunin Kano, mafi sauƙi shi ne Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa tun farkon shekarun 1970, har titin ya samu suna daga gare shi. Adaidaita sahu ma za ta kai ku bakin ƙofa. Akwai zaki, kura, jimina, kada da birai, ga inuwar manyan bishiyoyi da za a shimfiɗa tabarma, ga lilo. Mai goyo ba za ta galabaita ba, kuma in yaro ya soma rigima, gida na kusa. Illarsa ita ce lokacin yawon Sallah. Cunkoson ya kai a ce ɗan shekara 4 ba abin da zai gani sai ƙafafun manya, uwa kuwa hankalinta na kan kada ya suɓuce mata. In kallo kuke so ba taron jama'a ba, ku bari mako ya zagayo, ku je da hantsi. Da rana ta take, zakin kwanciya yake yi a lungun keji, yara su yi ta "Baba, ya mutu ne?"

Wanda ke Abuja yana da wurin wasan yara da namun daji na Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Wasan ya fi namun yawa, don haka ya fi dacewa da 'yan ƙanana. Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, fili ne mai faɗi da ke son ƙafa, sai dai sanyin garin na rage wahalar tafiyar.

Yankari kuwa wani abu ne daban, kuma a nan mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Ba gidan zoo ba ne, daji ne da ya haura murabba'in kilomita 2,000, ba keji ko ɗaya. Za ku biya kuɗin shiga, ku biya na motar zagaya da ɗan rakiya, amma ba wanda zai yi muku alƙawarin giwa. Wata rana a ci karo da garke, wata rana a dawo da labarin gwanki da gadu kawai. An fi dacewa a ƙarshen rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Abin da ba ya ba da kunya shi ne ruwan Wikki, mai ɗumi kusan digiri 31 rani da damina, garau har kana hango yashin ƙasa. Sai a sa ido a kan yara sosai. A kuma yi hattara da goggon biri: ya san leda, ya san kular abinci, kuma ba ya shakkar fizgewa daga hannun yaro.

Daga garin Bauchi zuwa can ya haura kilomita 100. Mutumin Bauchi ko Gombe zai je ya dawo a yini, amma na Kano ya sa kwana a lissafinsa, da kuɗin ɗaki da na mai. Ni dai ba zan kai ɗan ƙasa da shekara 7 ba. Kuɗin ya yi yawa a kan wanda zai yi barci a mota.

Duk inda kuka zaɓa, ku tambayi kuɗin shiga da halin da hanya take ciki kafin ranar, don suna canzawa. Ku yo abinci da zoɓo daga gida, ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda tikiti da lilo. Tun a mota a raba yaran, kowane babba ya san waɗanda ke hannunsa, a kuma rubuta lambar waya a takarda a sa wa ƙananan a aljihu.