Katin 'yan wasa: farashin littafi ko na kasuwa, wanne za ka bi?

Duk wanda ya shiga harkar tara katin 'yan wasa, na Messi ne ko na Michael Jordan, zai tarar kati ɗaya yana da farashi biyu ko uku, kuma kowane farashi da mai rantsuwa a kansa. Mai sayarwa zai buɗe maka Beckett, littafin farashin katuna, ya nuna maka adadi. Shawarata ita ce kada ka taya sai ka ga nawa aka biya a kan irin wannan katin a 'yan makonnin nan.

Beckett tsohon hannu ne. James Beckett ya fara fitar da mujallarsa ta wata-wata a Amurka a 1984, kowane kati da farashinsa biyu, na sama da na ƙasa. Har gobe yana da amfani wajen gane kati: shekararsa, kamfanin da ya buga shi, lambarsa, da ko yana cikin waɗanda aka buga kaɗan. A wajen kuɗi ne yake zuwa a makare. Ɗan wasa zai ji rauni yau, katinsa ya faɗi kafin ƙarshen mako, littafi kuwa yana nan a kan tsohon adadi. Abin ya fi muni ga katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da kamfanonin buga kati Topps da Fleer da Donruss suka cika kasuwa har ta yi ambaliya. Da yawansu suna da farashi a rubuce, amma ka kai su shago ka ga ko za a taya.

Ni na fi dogara da eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, amma sashen kayan da aka riga aka sayar, wanda yake nuna cinikin kusan kwana 90 da suka wuce. Farashin da mai sayarwa ya sa wa katinsa buri ne kawai, kowa na iya rubuta dala dubu. A nan ma sai da lura. Idan an sallama bayan tayi, shafin yakan bar farashin farko da layi a kansa, ya ɓoye abin da aka biya. Shafin 130point ne yake fito da ainihin kuɗin. Akwai kuma masu sa abokansu su riƙa ɗaga tayi a gwanjo, da waɗanda suke cin gwanjo su ƙi biya. Saboda haka ciniki ɗaya ba hujja ba ne. Haɗa ciniki biyar ko shida, ka yar da mafi tsada da mafi araha, ka tsaya a tsakiya.

Kuma ka tabbata kati iri ɗaya kake gwadawa. PSA, kamfanin duba ingancin katuna da aka kafa a 1991, yana ba kati maki daga 1 zuwa 10 bayan duba kusurwoyi, gefuna, fuskar katin da daidaiton hoton a tsakiya. Ƙaramin lahani a kusurwa ɗaya, wanda sai ka karkata katin a haske za ka gan shi, yana iya sauko da shi daga 10 zuwa 8, kuɗin ya zube ninkin-ba-ninkin. Katin da ba a kai wa masu duba ba, kada a sayar maka da shi a farashin mai maki 10 don mai shi ya ce "tsaf yake".

Ga manyan katuna, tarihin gwanjo da PSA da shafin Card Ladder suke ajiyewa ya fi amfani, domin yana nuna hawa da sauka na shekaru. Katin Jordan na Fleer na 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, bayan shekara biyu bai kai rabin haka ba. Wanda ya sayi nasa a ganiyar tashin nan ya ji jiki.

Sai lissafin da sababbi suke mantawa. Gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada ta kusan kashi 20 cikin 100, eBay kuma yana cire wa mai sayarwa kusan kashi 13. In daga Kano ko Yamai kake oda, ƙara kuɗin aike da canjin dala kafin ka ce ka samu araha.