Allurar tada sinadarin girma: wacce za ka yarda ta shiga jikinka?

A wajen ɗaga ƙarfe da nake zuwa a Samaru, yanzu hirar peptayid ta cika bakin matasa. Allurai ne da ke zungurar fitutari, 'yar ƙwayar nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ta saki sinadarin girma na jiki, wanda dama yawancinsa cikin barcin dare yake fita.

Ni dai sermorelin nake gani da mutunci. Amino asid (tubalan da ke gina furotin) 29 ne, kwafin sashen farko na saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa fitutari. Hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 da sunan Geref, don yaran da girmansu ya tsaya. Kamfanin ya daina yin sa a 2008, ba don an kama shi da illa ba. Cikin mintoci yake barin jini, shi ya sa linzami na hannun jiki: in sinadarin ya yi yawa, jiki da kansa yake rage fitarsa. Amma fa an yi shi ne don wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci. Wanda ƙasusuwansa suka gama rufewa ba zai ƙara ko taƙi ɗaya na tsayi ba, kowa ya ce masa akasin haka kuɗinsa yake so.

Tesamorelin, wato Egrifta, an amince da shi a 2010 don rage kitsen ciki ga masu HIV, ga tsada. CJC-1295 kwanaki yake yi a jini, kuma a 2006 aka tsayar da gwajinsa bayan mutuwar wani majinyaci. Ipamorelin bai samu amincewa ba. GHRP-6 yunwa zalla. Dukkansu WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta wa 'yan wasa.

Abin da ya fi cin raina jabu ne. Bara da bazara na sayi irin wannan allura ta WhatsApp, aka turo min a motar haya daga Legas, cikin baƙar leda. Da na karɓa a tasha kwalbar da ɗumi kamar an ciro ta daga aljihu. Sai bayan cinyata ta kumbura, na kwana uku da zazzaɓi, na lura da ƙananan haruffa a jikinta: don bincike kawai, ba don mutane ba. Na kira mai ita, ya ce, "Malam, ai jikinka ne bai saba ba."

Ka tambayi mai sayarwa inda yake ajiye ta, domin abu ne na firji, kuma ka san halin wutar Zariya. Ka nemi lambar NAFDAC, ka bincika ta da kanka, bugawa a takarda ba wuya. In ya fara rantse-rantse maimakon nuna maka, juya ka tafi. Ko a Amurka, sermorelin na yau haɗa shi ake yi a kantin magani bisa takardar likita, to ina ɗan WhatsApp ya samo nasa?

Kafin ka kashe sisi, je asibitin koyarwa na Shika, likita ya auna maka IGF-1 (ma'aunin aikin sinadarin girma a jini) da suga. Mai ciwon suga ko wanda ya taɓa ciwon daji, kada ya kusanci ko ɗaya sai likitansa ya duba shi.