Ina za ka ajiye bayanin komit? Git notes da sauran hanyoyi

Duk mai rubuta manhaja da Git, kayan aikin da ke ajiye tarihin sauye-sauyen manhaja, ya san wannan matsalar. Ka yi komit, wato ka ajiye wani sauyi tare da saƙon bayaninsa, ka tura, bayan mako biyu sai wani bayani ya taso: an gwada a wayar abokin ciniki ya yi aiki, ko kuwa wannan gyaran ne ya lalata biyan MoMo. Saƙon komit ya riga ya daskare, in ka taɓa shi lambar shaidarsa ta canza, ta duk wanda ke bayansa ma ta canza. To ina za a rubuta sabon bayanin? 'Yan'uwa matasa da ke koyon aikin nan a Aboabo da Asawase suna yawan tambayata, kuma hanyoyi huɗu na sani.

Wadda nake so ita ce git notes, ba na ɓoyewa. Ta shigo Git a sigar 1.6.6, ƙarshen 2009, shekara huɗu bayan Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git ɗin. Aikinta kamar hashiyar da malam ke yi a gefen littafi ne, matanin yana nan yadda yake, ƙarin bayani yana gefe. Ka rubuta git notes add -m da bayaninka, Git ya ajiye shi a refs/notes/commits, lambar komit ba ta motsa ba. In ka buɗe git log, ga shi nan ƙarƙashin saƙon. Yana cikin ma'ajiyar da ke kwamfutarka, don haka ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, kana karanta abinka. Kana iya ware gida-gida, ɗaya na sakamakon gwaji, ɗaya na bita. Manya ma suna amfani da ita: Gerrit, manhajar bitar sauye-sauye, na iya rubuta sakamakon bita a refs/notes/review, su kansu masu kula da Git suna da refs/notes/amlog inda suke haɗa komit da wasiƙar da ta kawo shi.

Sai dai an bar ta a baya, kuma wannan yana ci mini rai. GitHub, shafin da ake ajiye ma'ajiyun Git a intanet, ya fara nuna waɗannan bayanai a shafin komit a 2010, ya daina a 2014. Yana karɓa in ka tura, yana ajiyewa, amma ba ya nuna wa kowa. GitLab ma ba ya nunawa. Ita kanta Git ba ta sauƙaƙa ba: git clone ba ya ɗauko su, git push ba ya tura su, sai ka ambaci refs/notes da hannunka, ko ka sa shi a saitin ma'ajiya. Mafi zafi shi ne ribes (git rebase), wato sake ɗora komit a kan sabon tushe, wanda ke ba shi sabuwar lamba. In ba ka saita notes.rewriteRef ba, sabon komit zai fito tsirara, bayanin ya maƙale a jikin tsohon da ba mai sake duba shi. Mutum biyu suka rubuta a lokaci guda kuwa, sai an bi ta git notes merge. Mutane ba sa amfani da ita don ba a gani, masu shafukan ba sa nunawa don ba a amfani da ita, haka abin ya tsaya shekara da shekaru. Duk da haka layi biyu zuwa uku na saiti suna magance yawancin wannan, kuma Gitea da Forgejo, manhajoji masu aiki irin na GitHub da mutum ke ɗorawa a sabarsa, suna nuna bayanan a shafin komit. Wanda ba ya son ɗawainiyar sabar kansa yana iya zuwa Codeberg, da Forgejo suke aiki.

Ta biyu, layukan ƙasan saƙo, irin Signed-off-by da Co-authored-by. Suna da kyau, suna bin komit duk inda ya je, tun sigar 2.32 ma git commit yana da hanyar sa su kai tsaye. Amma abin da ka sani lokacin komit kaɗai suke ɗauka, na gobe ba shi da wuri. Ta uku, tag mai bayani, wato alamar da ake liƙa wa komit, na sakin sabuwar siga ne, ba na kowane komit ba. Ta huɗu, sharhi a shafin GitHub ko GitLab, ita ce kowa ya saba da ita, ita ce kuma na fi tsoro.

Ga dalilina. Wani Alhaji mai sayar da kaya a Kejetia ya ba ni manhajar lissafin shagonsa in gyara. Wanda ya fara rubuta ta ya ajiye komai a asusunsa na kansa, suka samu saɓani kan kuɗi, ya rufe ƙofa ya kashe waya. Abin da ya rage a hannun Alhaji fayil ɗin zip ne, ba .git a ciki, inda Git ke ajiye tarihin aikin. Akwai wani wuri da ake cire kaso daga farashi, ba wanda ya san dalili. Na ce, "Alhaji, wannan ragin na mene ne?" Ya ce, "Ɗana, ai mun yi maganar da shi, ya ce ya rubuta a can." Can ɗin ba namu ba ne. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowace hanya ita ce: in asusun wani ya rufe gobe, bayanin zai biyo ni gida?

Yanzu maganar 'yan damfara, don suna nan da yawa. Git ba ya tantance suna ko kwanan wata, abin da ka gaya masa shi yake rubutawa. Mutum na iya sa sunan wani a komit, ya mayar da kwanan wata baya, ya cika shafinsa na GitHub da koren akwatuna kamar ya shekara yana aiki. Layin Reviewed-by kowa na iya buga shi da yatsunsa ba tare da wani ya duba komai ba. Bayanin notes ma ana iya murƙushe shi, a rubuta wani a kansa da git notes add -f, amma a nan tana da kariya: gidan bayanan yana da tarihinsa, git log refs/notes/commits zai nuna maka abin da aka sauya. In aikin na kuɗi ne, nemi a sa hannu a komit da makullin sirri na mai rubutun, tun sigar 2.34 ta 2021 ana yi da makullin SSH, ba sai GPG ba. Ku yi hattara kuma da masu turo ma'ajiya da sunan gwajin ɗaukar aiki daga waje, su ce ka sauke ka kunna. Wasu ƙwayar cuta ce a ciki mai kwashe kalmomin sirri.

Ga mai ba da aiki, a buɗe ma'ajiyar da asusunka tun ranar farko, shi mai rubutun ka gayyace shi ciki. Kada ka karɓi zip. Kafin ka tura cikon kuɗi ta MoMo, sa wani ya yi maka git clone --mirror a kwamfutarka, domin shi ne ke kwaso komai har da refs/notes, sannan a buɗe git log a gabanka ka ga bayanan da idonka.